Gyaran Wayar Lasifika

A Wonaka, kamar sauran garuruwan ƙasar Gusau, akan ɗaure lasifikar masallaci can bisa dogon ƙarfe, don kiran salla ya kai nesa. Wata rana da asuba sai a ji shiru. Nan da nan a ce ta mutu, a fara karo-karo don a sayo sabuwa a Gusau.

To, ku dakata tukuna. Sau da yawa lasifika lafiyarta lau, laifin a mahaɗin waya yake. Iska tana kaɗa waya dare da rana. Zafin bazara yana fasa robar jikinta. Da damina ta faɗi sai ruwa ya shiga, jan ƙarfen ya yi kore, wuta ta kasa wucewa.

Ga yadda za ka yi. Fara kashe amfilifaya, ka cire batir. Sa wani ya riƙe maka tsani, ka sauko da lasifikar, gama gyara a sama kasada ce. Yanke wurin da ya yi kore, har ka ga jan ƙarfe mai haske. Fere robar kamar tsawon gaɓar yatsa. Murɗe bakunan sosai, in da dalma ka liƙe da ita. Sa'an nan ka naɗe kowace waya dabam da baƙin salatif, kada su taɓa juna. Lalle ka gwada ta tun tana ƙasa, kada ka hau sau biyu.

In ka mai da ita, ɗaure wayar jikin ƙarfen. Bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga lasifika, watau don ruwan sama ya ɗiga daga nan, kada ya bi ta zuwa mahaɗi.