Kullen korona a Ƙonni, Malbaza da Illela: ta ina ya taɓa lafiyar mutane?

Ranar 23 ga Janairu 2020 hukumomin ƙasar Sin suka rufe birnin Wuhan, mutum kusan miliyan 11 suka zauna a gida kwana 76. Masu binciken da suka bi diddigin lafiyar manya a Sin lokacin kulle sun ga motsa jiki ya ragu, zama gaban waya da talabijin ya ƙaru, barci ya rikice. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a shekarar farko ta annobar, ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a faɗin duniya.

A nan kudancin jihar Tawa ba a kulle kowa a ɗaki ba. Ranar 17 ga Maris, shugaban ƙasar Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji ta gundumar Illela, ya ba da sanarwar rufe iyakoki da makarantu, kwana biyu kafin a samu mutum na farko mai cutar a Yamai. Masallatai da majami'u suka biyo baya. Dokar hana fitar dare da killace gari kuwa, Yamai ce ta sha su. Manomin albasa a Galmi bai daina zuwa fadama ba, mai tallar fura ba ta ajiye ƙwarya ba. Duk da haka kullen ya shiga jikin mutane, ta wasu ƙofofi daban.

Ta farko masallaci. Dattijon da ya bar noma ba ya cewa yana motsa jiki, amma sau biyar a rana yakan ɗauki sanda da buta ya taka zuwa jam'i, ya yi ruku'u da sujada, ya zauna a inuwar bedi a taɓa hira kafin ya komo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsi a mako, kuma tafiyar minti biyar sau biyar a rana ta riga ta zarce haka. A masallacin ne kuma ake lura da wanda bai fito ba, a je a duba shi. Da aka sa kwaɗo a ƙofa, wannan duka ya tsaya wa wanda ya bi doka, cikin zafin bazara, ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu ba tarawi ba tafsiri. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya wuni kan tabarma yana sauraron adadin matattu a rediyo, ba hutu ya samu ba. Fushin da ya kai ga tarzoma a Mirriya, ya kuma kai ga ƙona ofishin magajin gari a Illela, ɓarna ce da ba ta da hujja, sai dai ya nuna an yanke hukunci ba tare da an shawo kan jama'a ba. Sai ranar 13 ga Mayu aka buɗe wuraren ibada.

Ta biyu tukunya, kuma a ganina ita ta fi ciwo. Tun watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakarta, Ƙonni kuwa da Illelar Sakkwato kusan kasuwa ɗaya suke ci. Korona ta zo ta tarar da gari a jigace. Ɗan kabu-kabu, ɗan canji, ɗan dako, da 'yan ci-ranin da suka saba aiko da kuɗi gida, kowa ya ji a jikinsa. In samu ya ragu, nama da mai ne ke fara fita daga miya, sai abincin rana, sai kuɗin magani. Gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu, amma wannan sai mai mita. Nijeriya ba ta buɗe mashigar Illelar Sakkwato ba sai Disamba 2020.

Akwai kuma tsoron likita. Jita-jita ta bazu cewa duk mai tari za a ce korona ce a tsare shi, wasu suka koma ga mai tallar magani a tire. An dakatar da zagayen rigakafin shan inna na wani lokaci, a 2021 kuma ƙyanda ta yi yawa a ƙasar. Bokiti mai famfo da sabulu da aka jera a ƙofar ofisoshi da makarantu shi ne abin arzikin da annobar ta kawo, shi ma bai daɗe ba.

Waɗanda aka tabbatar sun kamu da korona a Nijar ba su kai dubu 10 ba, waɗanda ta kashe ɗari uku da 'yan kai ne. Wannan ba ya nufin matakan banza ne, domin a Maris 2020 ba wanda ya san inda cutar za ta tsaya. Amma in wata annoba ta sake zuwa, hukumomin lafiya na jihar Tawa su zauna da limamai da sarakuna da shugabannin kasuwa kafin a rufe ko'ina, kuma a tanadi hatsi da maganin masu hawan jini da suga tun ranar da za a karanta dokar.