Ƙuri'a a Ƙarƙashin Rawani: Zaɓen Majalisa a Ƙasar Kano, 1951 zuwa 1959

A wannan ɗan taƙaitaccen nazari za mu duba yadda talakan ƙauye irin Dawanau, ta gundumar Dawakin Tofa, ya fara jefa ƙuri'a a zamanin da mulki ke hannun En'e, wato Sarki da hakimai da dagatai.

Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi. Masu biyan haraji a ƙauye su ke fid da wakilai, waɗannan su fid da na gunduma, a haka har a kai matakin lardi, inda ake zaɓen masu tafiya Majalisar Wakilai ta Kaduna. A matakin ƙarshen nan an yarda wa En'e ta shigar da nata mutane, kimanin ɗaya bisa goma na masu zaɓe. Shi ya sa jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta yi rinjaye a matakin farko cikin birni, amma da aka kai ƙarshe ba ta sami kujera ko ɗaya ba.

Sai a zaɓen tarayya na 1959 ne Arewa duka ta yi zaɓe kai tsaye, cikin asiri. Kowane ɗan takara da akwatinsa mai alamar jam'iyya: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Maza kaɗai ne suka yi zaɓen, domin matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai 1976.

To, amma asirin ƙuri'a wane irin asiri ne a karkara mai cunkoso irin ta kewayen Kano, inda gona ke jikin gona, kowa kuma ya san inda maƙwabcinsa ya kwana? Dagacin da ke yanka wa mutum haraji shi ne ke shaidar iyakar gonarsa in rigima ta taso. 'Yan doka na En'e ne, kotun alƙali da gidan yari su ma nata ne, izinin yin lacca ma a wajenta ake nema. Saboda haka manomin da aka gani ya tsaya sauraron 'yan Sawaba ranar kasuwa ya riga ya nuna akwatinsa tun kafin ranar zaɓe. A ganina nan ne gizo ke saƙar, fiye da wurin ƙirga ƙuri'u.

Ba za a ce duk wanda ya zaɓi fartanya tsoro ne ya sa shi ba. Da yawa sun ɗauki bin Sarki Muhammadu Sanusi a matsayin ladabi da addini. Sakamakon ya nuna NPC da kujeru 134, NEPU kuwa 8, ciki har da ta Malam Aminu Kano a Kano ta Gabas.

Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rage abin da ya saura. A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ita ce ta ci Jihar Kano, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna.