Uwargida, Haɗa Mahaɗin Salak Da Hannunki

Yau hirar tamu a kan farin mahaɗin nan ne mai kauri da ɗan tsami, wanda ake zuba wa salak ko a shafa a burodi. Galibinmu Bama muke ce masa, alhali kuwa Bama sunan samfuri guda ne kawai. Kwalabarsa tana da tsada, kuma da zarar an buɗe ta sai ta nemi firiji. To, mu nan Yelwa, ko da yake madatsar ruwan Kainji tana maƙwabtaka da mu tun 1968, kowace mace ta san ba a yin alkawari da wutar lantarki.

Wasu kan haɗa nasu a gida da ɗanyen ƙwai. Ni ban ba ki wannan shawara ba. Ɗanyen ƙwai yakan ɗauko ƙwayar cutar da ake kira salmonela, mai sa zazzaɓi da amai da gudawa, kuma ta fi yi wa yara da tsofaffi da masu juna biyu illa. Da dafaffen ƙwai za mu yi namu. Wannan ba sabon abu ba ne, haka matan Ingila suka riƙa yi a gidajensu tun kafin kamfanin Heinz ya fara sayar da na kwalaba a 1914.

Ki tanadi ƙwai 2, da man gyaɗa babban cokali 4, da kindirmo babban cokali 4, da lemun tsami 1, da gishiri, da sukari rabin ƙaramin cokali, da ɗan dakakken masoro. Ki fara da man. Ki toya shi da yankan albasa don gafinsa ya fita, sa'an nan ki tace ki ajiye ya huce sarai. Kindirmon kuwa ki tabbata na dafaffiyar madara ne. In kina shakka, ki kwana da naki: ki dama madarar gari da tafasasshen ruwa, in ya koma ɗumi ki sa cokali guda na kindirmo mai kyau, ki rufe. Da safe ki juye shi a tsabtataccen ƙyalle ruwan ya ɗige, don tsinkakken nono ɓata aikin yake yi.

Ki dafa ƙwan minti 12, ki ɓare, ki ware gwaiduwar a kwano. Ki murƙushe ta da bayan cokali tare da gishiri da sukari da rabin ruwan lemun, har ta yi laushi babu gudaji. Yanzu aka zo wurin haƙuri. Man nan ɗigo-ɗigo ake sa shi ana bugawa, kada ki ƙara sai na farko ya ɓace cikin gwaiduwar. Dalili kuwa, mai da ruwa ba sa shiri, gwaiduwa ce ke riƙe su wuri guda, kuma ba ta iya karɓar mai da yawa a lokaci ɗaya. Na taɓa yin gaggawa ranar da na yi baƙi, na tuttule man gaba ɗaya, ya taso sama ya bar ni da kunya. In haka ta same ki, ki murƙushe wata gwaiduwar a wani kwano, ki riƙa ɗiga tsinkakken a kanta kina bugawa, zai dawo. Daga ƙarshe ki zuba kindirmo da masoro, ki ɗanɗana, ki ƙara lemun gwargwadon bakin maigida.

In na salak ne, ki wanke latas da tumatir da kokwamba da ruwa mai tsabta, ki tsane su tukuna, kuma kada ki zuba mahaɗin sai za a ci, don gishiri yana sa ganye ya yi yaushi. Albasa dai ba sai na ce miki komai ba, ta Yauri ta yi suna har Kudu.

In na burodi ne, nan muka fi 'yan birni sa'a. Ki sami gasasshen kifi, giwan ruwa ko ƙarfasa, ki zare ƙayar da hannu a hankali, ki marmasa tsokar. Ki haɗa da farin ƙwan nan da kika ware, yankakke ƙanana, da albasa da ɗan attarugu, ki cakuɗa da mahaɗin ki shafa tsakanin yanka biyu.

Sai dai ki yi daidai na ci ɗaya. Ƙa'idar masana kiwon lafiya ita ce, abinci mai ƙwai da madara kada ya wuce awa 2 a waje, in kuwa zafi ya haura digiri 32, awa 1 ce. Zafin Yauri na watan Maris da Afrilu ya wuce nan nesa. Saboda haka kada ki ƙunsa wa yaro wannan burodi ya tafi da shi makaranta ya ajiye har tashi. Ki ba shi ya ci a gabanki da shayinsa, na cikin jaka kuma ki sa masa ƙuli-ƙuli ko gyaɗa.