Lambobi biyu na awon jini: abin da suke nufi ga mai juna biyu

Iyaye mata da wakilan lafiya na garuruwan Maijirgi, kun saba da zaren awon damtsen yara mai launi ja, rawaya da kore. Akwai wani awon damtse kuma, na uwa ne, wanda ungozoma ke yi da ƙyalle mai hura iska a ranar awon ciki. Shi ne awon da ake kira tansiyo.

Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin da jini ke tura bangon jijiyoyi. Lamba ta sama tana nuna ƙarfin a lokacin da zuciya ta matse ta tunkuɗa jini. Ta ƙasa kuwa, lokacin da ta saki tana hutawa kafin bugu na gaba. A nan Nijar za ku ji an ce 12 da 8. Wadda ta yi awo a Katsina za a rubuta mata 120/80. Duk ɗaya ne, sifili kawai aka ƙara. Idan awo ya kai 14 a sama ko 9 a ƙasa, aka maimaita bayan awa 4 bai sauka ba, to hawan jini ne.

Sunan nan yana ruɗar mutane. Hawan jini ba yawan jini ba ne, kuma mace ɗaya tana iya fama da shi tare da ƙarancin jini. Abin yana damuna idan na ji uwa ta ajiye ƙwayoyin ƙarin jini wai kada jininta ya hau. Ba su hawar da shi. A ci gaba da sha.

Wadda ta taka daga ƙauye cikin rana, kada a auna ta nan take. Ta yi fitsari, ta zauna minti 5, bayanta a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, damtse daidai da ƙirji, ba magana. Goro da shayi su dakata rabin awa kafin awo.

Haɗarin ya fi yawa bayan mako 20 na ciki, har zuwa kwanakin jego, kuma sau da yawa ba ya ba da alama. Shi ya sa ake duba fitsari ma. Amma ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, suna iya zama share fagen jijjiga. Ba aikin iskoki ba ne. Wakilai, kada ku jira gari ya waye: a kai ta cibiyar lafiya mafi kusa, daga can a tura ta asibitin Tasawa idan ta kama. Awo 16 da 11 ma na gaggawa ne, ko da tana jin garau.

A kwanon miya kuwa, a rage gishiri da dunƙule. Mai jegon da aka samu da hawan jini ta haƙura da kunun kanwa har sai ungozoma ta sake auna ta.