Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Muka Tada Taraktar Ikilisiya

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi, in ya lura da kyau, zai ga tsofaffin taraktoci a gindin bishiyoyi da bayan gidaje, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Mai wucewa yakan ce sun mutu. Amma sau da yawa ƙarfe ɗaya ne da bai wuce tafin hannu ba ya kwantar da su. Mun san haka domin tamu ma ta kwanta.

Ikilisiyarmu tana da tarakta ƙirar Massey Ferguson 375, wadda 'yan'uwa suka yi karo-karo suka saya a hannu. Da ita ake yin haro a gonakin membobi, gwauraye da marayu a sahun farko, sa'an nan a yi wa maƙwabtanmu Musulmi da Kirista aikin haya. A 'yan shekarun nan muhimmancinta ya ƙaru, gama ɓarayin daji sun kore shanun huɗa na mutane da dama a wannan yanki. Ga shi kuma daminarmu gajeruwa ce: wanda bai gyara gona ba kafin ruwa ya zauna a watan Yuni, gero da dawa ba za su jira shi ba.

Ana cikin bazara sai taraktar ta fara hayaƙi, ƙarfi ya ragu, daga baya ta ƙi tashi. Makanike ya duba ya ce famfon mai ne da nozul. Nan ne wahala ta soma.

Ya kamata mai karatu ya san dalilin wannan wahala. A zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976, da na Juyin Noma na Shugaba Shagari a 1980, an shigo da taraktoci iri-iri, har ana haɗa Steyr a Bauchi, Fiat kuma a Kano. Da aka kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, masana'antun suka durƙushe. Ita kanta masana'antar Coventry ta Ingila, inda aka ƙera irin tamu, ta daina aiki a ƙarshen 2002. Bayan cire tallafin man fetur da sakin naira a 2023, farashi ya sake tashi.

Sai dai akwai abin godiya. Kamfanin Millat na Pakistan da TAFE na Indiya suna ƙera taraktocin Massey Ferguson, injin Perkins da ke cikin tamu kuwa ya bazu a duniya. Saboda haka kayanta ba su ƙare ba. Matsalar ita ce gane na kirki, da kuma wanda ya dace.

A nan muka yi kuskurenmu na farko. Don gudun kuɗin mota, muka aiki wani ɗan'uwa da baki kawai, ba lamba, ba samfur. Ya dawo da nozul masu araha cikin kwali mai kyan gani. Aka ɗaura, ba su yi mako guda ba suka toshe. Ashe jabu ne. Kuɗin baiko da tsofaffi mata suka tara daga sayar da gyaɗa ya tafi a banza, kuma mu ne muka tsaya gaban jama'a ran Lahadi muka faɗi gaskiyar abin da ya faru. Araha ba ta ado.

Karo na biyu muka yi shiri. Muka kwafe lambar da ke jikin taraktar da ta jikin injin, da wadda ke kan ƙaramin allon famfon, muka naɗe tsohon famfon a buhu, muka ɗauki makanikenmu, muka bi ta Kankiya zuwa kasuwar Kofar Ruwa a Kano. A can kaya kashi uku ne: sabo na kamfani, na hannu wanda aka cire daga wata mota, da kuma jabu. Wani dattijo mai shago ya juya famfon a hannunsa ya ce, “Malam, kada ku sayi sabo. Wannan gyara yake so. Ku kai wa masu injin gwaji.” Haka muka yi. Aka canza ƙananan kayan ciki, aka gwada shi a gabanmu, kuɗin bai kai na sabo ba ko kusa. Ya kuma tambaye mu inda muke sayen man gas, gama ruwa da ƙasa a cikin mai su ne ke kashe famfo.

Ga abin da muka koya, ga duk ƙungiya ko ikilisiya mai irin wannan mota. A tafi kasuwa da tsohon ƙarfen da lambobinsa. A tafi da makanike, a kuma yi ciniki da sharaɗin mayarwa in bai dace ba. A yi gyara da rani, ba sai hadari ya haɗo ba. A tace mai, a canza filta da baƙin mai a kan lokaci. Daga kuɗin kowace gona da aka yi wa haro, a ware wani abu a asusun gyara, a rubuta a littafi, mutum biyu su sa hannu.

Mun tuna cewa bayan Ubangijinmu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa almajirai su tattara gutsattsarin da ya rage, har kwando goma sha biyu. Wanda ya iya yawaita gurasa bai yarda da ɓarna ba, balle mu.

Taraktar ta tashi ana saura kwanaki kaɗan ruwan shuka. Gonar farko da ta shiga ta wata gwauruwa ce mai 'ya'ya biyar, wadda kuɗin gyaɗarta yana cikin wanda ya salwanta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma kawo salama a ƙasarmu. Amin.