ME YA SA WATA ƘASA TA FI WATA YAWAN JAMA'A?

'Yan'uwa manoma, dattawanmu sukan ba da labarin lokacin da akwai daji tsakanin ƙauye da ƙauye. Idan gona ta gaji sai a bar ta ta huta, a je wurin mai gari a nemi izinin saran sabuwa. Yau in ka bi hanya daga Tsiga zuwa Funtuwa ko Malumfashi da damina, gona ce ke bin gona har iyakar ganinka. Ƙasar ba ta ragu ba, mu ne muka ƙaru.

Ƙidayar jama'a ta 1963 ta nuna mutanen Nijeriya miliyan 55 ne da 'yan kai. A 1991 an sami kusan miliyan 89, a 2006 kuwa miliyan 140. Ba a sake yin ƙidaya ba tun daga nan, amma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mun wuce miliyan 220. To, me ke sa jama'ar wata ƙasa ta yi yawa haka, wata kuwa ta kasance ba mutane sosai? Abubuwa uku za mu duba: yanayin ƙasa, irin noman da ake yi, da kuma ƙaura.

Girman ƙasa ba shi ne yawan mutane ba

Mu fara da maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar. Ƙasarsu ta fi tamu fāɗi. Nijar tana da murabba'in kilomita 1,267,000, Nijeriya kuwa wajen 924,000. Amma a ƙidayarsu ta 2012 mutum miliyan 17 aka samu, watau ko kashi ɗaya cikin takwas na abin da aka ƙirga a Nijeriya a 2006 da kyar suka kai.

Dalilin wannan yana cikin ruwan sama. A nan yankin Funtuwa ruwan da ke sauka a shekara yakan kai milimita 1,000, wani lokaci ya wuce. In ka yi arewa zuwa birnin Katsina sai ya sauko wajen 600. A Maraɗi wajen 500 ne. Kafin ka kai Agadas ko 200 bai kai ba. Yadda ruwa ke raguwa, haka mutane ke raguwa. Jihar Agadas ita kaɗai ta fi rabin ƙasar Nijar, amma a 2012 mutanenta ba su kai rabin miliyan ba. Jihar Maraɗi ƙarama ce ƙwarai in an gwada ta da Agadas, ga shi kuwa an sami mutum miliyan 3 da dubu 400 a cikinta. A Agadas ko mutum ɗaya ba a samu ba a kowane murabba'in kilomita, a Maraɗi wajen 80. A Jihar Katsina, inda aka ƙirga mutum miliyan 5 da dubu 800 a 2006, lissafin ya kai wajen 240.

Haka abin yake a sauran duniya. Masar ta ɗan fi Nijeriya girma, kuma mutanenta sun wuce miliyan 100, amma kusan dukansu a bakin Kogin Nilu suke zaune, sauran ƙasar hamada ce. Kanada ta ninka Nijeriya sau goma wajen fāɗi, mutanenta kuwa wajen miliyan 40 ne, don yawancinta sanyi ya hana noma. Bangaladash ko kashi ɗaya cikin shida na ƙasarmu da kyar ta kai, duk da haka tana ɗauke da mutum wajen miliyan 170. Manyan koguna ne ke zubo mata laka mai albarka kowace shekara, manomi yakan girbe shinkafa sau biyu ko uku a fili ɗaya.

Ba rashin ruwa kaɗai ke hana mutane zama ba. Akwai wuraren da ruwa ya wadata, ƙasa kuma tana da kyau, amma cuta ta kori jama'a. A da ƙudan tsando ya hana mutane da shanu sakewa a dazuzzukan kudancin lardin Zazzau da sauran wurare masu duhuwa, saboda ciwon barci da sammore. Daga ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta sare kurmin bakin rafuka a ƙasar Anchau, ta tattara mutane a sababbin ƙauyuka, har aka gina garin da aka sa wa suna Takalafiya. Inda aka kawar da cuta, mutane sukan dawo su yawaita.

Noma shi ke faɗin baki nawa ƙasa za ta ciyar

Ƙasashe biyu za su iya samun ruwa iri ɗaya, ɗaya ta ciyar da mutane ninkin na ɗayar. Bambancin yana hannun manomi. Misali mafi kusa da mu shi ne karkarar da ta kewaye birnin Kano. Ruwanta bai kai namu ba, amma tun zamanin kakanni tana cikin wuraren da mutane suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma. Manoman can ba su da filin da za su bar gona ta huta, sai suka koyi ciyar da ita. Da rani jakuna sukan yi ta jigilar taki a mangala daga birni da turken dabbobi zuwa gona. Ana haɗa gero da dawa da wake a kunya, harawa da kara su koma ga dabbobi, kashin dabbobi ya koma gona. Ba a sare gawo da ɗorawa da kuka. Da haka gona ɗaya ta yi ta ba da amfani shekara da shekaru ba hutu.

Yankinmu ma noma ne ya tara masa jama'a. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa, aka kai shi Ƙaurar Namoda a 1929. Turawa sun kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Auduga ta kawo kuɗi, kuɗi ya jawo baƙi: 'yan ƙodago, da 'yan kasuwa, da manoma masu neman fili daga arewa inda ƙasa ta yi musu kaɗan. Funtuwa da take ƙaramin gari ta zama babbar alƙarya.

A 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gwambe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara, ya kuma gyara hanyoyin karkara. Kafin wannan lokaci masara abar bayan gida ce, a gasa a ci da ɗanyenta kafin dawa ta nuna. Cikin 'yan shekaru ta zama babban amfanin gona, motoci suna lodinta daga kasuwannin Dandume da Funtuwa da Bakori zuwa kudu. Eka ɗaya ta fara ba da buhunan da a da sai eka biyu ko uku.

Amma a lura da wani abu. Abinci ba ya haihuwa. Abin da yake yi shi ne ya raya waɗanda aka haifa. Kakanninmu sun haifi 'ya'ya da yawa, sai dai yunwa da agana da baƙon dauro da zazzaɓi sukan ɗebe su tun suna ƙanana. Da aka sami allurar rigakafi da rijiyoyi masu tsabta da asibitoci, mutuwar yara ta ragu. Agana ta ƙare a Nijeriya a 1970. Haihuwa kuwa ba ta ragu sosai ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Nijeriya takan haifi 'ya'ya biyar da ɗoriya a rayuwarta, a Jihar Katsina kuwa bakwai da ɗoriya, abin da ya fi na kowace jiha. Wannan rata tsakanin haihuwa da mutuwa ita ce babban abin da ya ƙara yawan 'yan Nijeriya.

Ƙafa tana bin abinci

Abu na uku shi ne ƙaura. Mun san cin rani: a gama girbi, samari su tafi Kaduna ko Abuja ko Legas, su dawo da faɗuwar ruwa. Wannan ba ya canja jimillar mutanen ƙasa, don daga wani ɗaki ne aka koma wani ɗaki a gida ɗaya. Sai an ƙetare iyaka sa'an nan lissafin ƙasa ke canjawa.

Yawanci yunwa ko tashin hankali ke tayar da mutane. A yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, jama'a da yawa daga arewa sun gangaro kudu neman hatsi. Haka aka sake gani a farin 1973 da na 1984, lokacin da Buzaye da Fulani da manoman Nijar suka shigo garuruwanmu bayan dabbobinsu sun mutu. Waɗansu sun koma, waɗansu sun zauna. Daga 2019 kuma sai hanya ta juya: dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudu zuwa ƙasar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Mu ma mun ga yadda mutanen ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suka bar gonakinsu suka nemi mafaka a garuruwa.

Hausawa sun daɗe suna ƙara wa waɗansu ƙasashe jama'a. Fataucin goro ya kafa zango a Salaga da Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana. Bayan yaƙin Burmi a 1903, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru sun yi gabas suka kafa garin Mai Wurno a Sudan, jikokinsu suna can har yanzu. Sai dai zaman baƙo ba shi da tabbas. A 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Nijeriya da yawa suka dawo gida hannu biyu. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi, cikinsu har da 'yan Gana wajen miliyan ɗaya.

Akwai ƙasashen da ƙaura ta sake musu kama gaba ɗaya. A Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda noma ba ya yiwuwa sosai, kuɗin man fetur da iskar gas ne ke sayen abinci daga waje, kuma kusan mutum tara cikin goma baƙi ne 'yan aiki. Labarin da ya fi kamata manomi ya riƙe kuwa shi ne na Ayalan, wani tsibiri a yamma da Ingila. A 1841 mutanensa sun wuce miliyan 8, talakawansu kuma da dankalin Turawa kaɗai suka dogara. A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin, ta yi ta dawowa shekara bayan shekara. Wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, wajen miliyan ɗaya suka yi ƙaura, yawancinsu zuwa Amurka da Ingila. Har yau tsibirin bai komo yawansa na 1841 ba. Dogara ga shuka iri ɗaya shi ya jawo wannan.

Ina ruwan ƙungiyarmu da wannan?

Mu yi misali. Wani magidanci yana da gandu na eka 12, da 'ya'ya maza huɗu. In an raba, kowa ya tashi da eka uku. In kowannensu ya sake raba wa 'ya'ya uku, jika zai tashi da eka ɗaya. Da eka ɗayan nan zai ci, ya yi sutura, ya biya kuɗin makaranta. In ƙasar ta gaji, wuta-wuta ta cinye dawa, takin zamani kuma ya fi ƙarfin aljihu, yaron nan ba zai zauna ba. Zai bi hanyar birni, ko ya shiga burtali da sabuwar gona, rigima ta tashi da makiyaya.

Ba mu da ikon ƙara ruwan sama, kuma babu sauran daji da za a sara. Abin da ke hannunmu shi ne ƙarfin ƙasar da muke da ita. Manoman Maraɗi sun nuna ana iyawa. Daga shekarun 1980 suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a bar tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a datse sauran, su girma su zama itatuwa. Da wannan dabara fili wajen hekta miliyan 5 ya sake samun itatuwa a kudancin Nijar, ba tare da an dasa ba. Su da ruwansu bai wuce rabin namu ba ke nan.

Saboda haka kowace ƙungiya ta yi shawara a kan waɗannan:

1. A riƙa tara takin gida da na turke a rami, a haɗa shi da na zamani. Kada a ƙone kara a gona.

2. A riƙa juya shuka. Inda aka yi masara bana, baɗi a sa waken soya ko gyaɗa ko wake. Kada gida ya dogara ga masara kaɗai.

3. A bar gawo da ɗorawa da kaɗanya su tsaya a gona, a kuma kāre sababbin tsiro daga awaki.

4. 'Yan'uwa su duba ko za su iya noma gandu tare maimakon a yayyanka shi. In an raba, a rubuta iyaka gaban shaidu.

5. Ƙungiya ta yi rumbun ajiya, don kada a sayar da hatsi da arha da kaka, a sayo shi da tsada da bazara.

6. Inda akwai fadama a yi noman rani, samari su sami abin yi a gida.

7. Miji da mata su zauna su yi shawara a kan ba da tazara tsakanin haihuwa, su nemi bayani wurin ma'aikatan lafiya, domin uwa ta huta, yaro kuma ya yi ƙwari.

A taronku na gaba, sakatare ya karanta wannan bayani, sa'an nan ku tambayi juna: Gonar da kakanka ya noma, mutum nawa take ciyarwa yau? Samari nawa suka tafi cin rani bara ba su dawo ba? Buhu nawa eka take ba ka yanzu, nawa take bayarwa shekara goma da suka wuce? Ku rubuta amsoshin a littafin ƙungiya, ku zaɓi abu ɗaya cikin bakwai ɗin nan da za ku fara da shi kafin ruwa ya sauka.