Ruwa da Lantarki: Na'urar da Ke Ceton Rai

A Tabotaki da garuruwan Madawa, Buza da Keita, famfon lantarki na shiga rijiyoyi da tankunan ruwa, kamar yadda yake a wuraren ninkaya na otal-otal. Idan robar waya ta tsage, wuta mai ƙarfin volt 220 na iya bi ta ruwa ta kama mutum.

Maganin shi ne na'urar katse wuta mai auna yoyo. Tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da bambancin ya kai miliamfiya 30, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Fiyus ba ya ganin wannan ɗan yoyon.

Ƙwararren mai gyaran wuta ne ya kamata ya haɗa ta, tare da sandar da aka kafa a ƙasa. A riƙa danna maɓallin gwajinta. In ba ta yanke ba, a canza ta.